Baƙin Yashi a Ƙarƙashin Gado

Ranar da aka kawo buhunan nan biyu gidanmu na unguwar Ainu Shams a Alƙahira, bawwab ɗin benenmu, wato mai gadi kuma mai hidimar gidan, ya hau da na farko har hawa na biyu, ya dire shi, ya zauna a kan matakala yana haki. Mutumin nan na sha ganin ya goya firji shi kaɗai ya kai hawa na biyar. Ya dubi buhun, wanda ko rabin buhun shinkafa bai kai ba, ya dubi Yaya ya ce, "Ya Hajji, ƙarfe ne a ciki?"

"Yashi ne," in ji Yaya.

Yaya wana ne, uwa ɗaya uba ɗaya, shi ne babba ni ce auta. Ya daɗe yana saro abaya da turare da takalma daga Alƙahira yana aikawa Kano, har ya gaji da hawa jirgi ya kama gida ya ɗauko matarsa. Ni karatu ya kawo ni. Na so in zauna da 'yan'uwana ɗalibai a Abbasiya, ya ce ba da ransa ba, don haka ɗakin da yake tara kwalaye ya zama nawa. Larabcinsa na kasuwa ne. Ya iya taya kaya, ya iya faɗa da direban mikrobas, ƙaramar motar haya, har direban ya ba shi haƙuri, amma da an shiga ofis an fara doguwar magana sai ya waiwayo ya kalle ni. Haka na zama tafintarsa, ba albashi, ba godiya.

Matarsa, wadda nake kira Anti, tana da ciki wata huɗu a lokacin. Sun haura shekara goma da aure, ciki uku sun zube, kowanne tun bai yi ƙwari ba. Wannan ne ya fara wuce inda sauran suka tsaya. Duk gidan lallaɓa cikin nan muke yi. Ba ta ɗaukar bokiti, ba ta hawa tuktuk, wato keke napep, Yaya mai hargagi ya koma magana ƙasa-ƙasa. Ko sunansa ba ma kamawa, sai dai mu ce "lalurar Anti", don tsoro.

Yadda yashi ya shigo rayuwarmu kuwa, wani dillali ne ya kawo wa Yaya labari. A gaɓar tekun arewacin ƙasar akwai wuraren da yashinsu baƙi ne. Ana kwasarsa a wanke da ruwa, a bi da shi ta injin maganaɗisu, a raba shi kashi-kashi, kowane kashi da sunansa da masu sayensa. Kashin da aka yi wa Yaya talla shi ne wanda ake lulluɓe jikin sandar walda da shi, kuma wani mai masana'anta a can ƙasarmu ya ce ko nawa aka kawo zai ɗauka. Dillalin ya sakar masa farashi har abin ya ba ni tsoro. Na ce, "Yaya, araha fa ba ta ado."

"Auta, ki yi ta karatunki," ya ce. "Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai gani ba."

Ya zuba jarinsa. Kayan suka tafi ma'ajiya a bakin tashar jirgin ruwa, buhu biyu na samfur suka zo gida. Falonmu ɗan ƙarami ne, ɗakina cike da kwalaye, sai ya tura su ƙarƙashin gadonsu.

Daga nan rigimar haraji ta taso. A dokar kwastan kowane kaya yana da rukunin da ake sa shi, kuma rukunin ne ke faɗin abin da za ka biya. Akwai rukunin yashi, irin wanda aka kwaso yadda Allah ya halicce shi, harajinsa ba ya karya mutum. Akwai rukunin ma'adinan da aka tace, harajinsa mai nauyi ne, ana neman izini na musamman, kuma sai an kai samfur ɗakin bincike an auna. Jami'in da ya fara duba kayan Yaya ya ce wannan ba yashi ba ne, an raba shi, ya zama ma'adini. Yaya ya ce atafau yashi ne. Ribarsa duka a tsakanin waɗannan rukunai biyu take, in aka mayar da shi na biyun ko uwar kuɗinsa ba lalle ya gani ba.

Ejan ɗin da ke bi masa takardu wani dattijo ne mai ofis a Abbasiya, hawa na uku, ɗaki ɗaya da fanka mai kuka. Mutum ne mai sanyin magana, ba ya fara aiki sai ya ga ka kurɓi shayinsa. Mun yi ta sintiri wurinsa a metro, jirgin ƙasan cikin gari. Kullum hujjar Yaya ɗaya ce, ni kuma in juya ta zuwa Larabci har na haddace ta.

"Ki ce masa ba wuta aka sa ba, ba magani aka zuba ba. Ruwa ne da maganaɗisu. In mace ta sheƙe gero ta fid da ƙaiƙayi, ya daina zama gero?"

Na fassara. Da muka fito na ce, "Yaya, in aka kaɗa nono aka fid da mai, man nan nono ne?"

"Ke tafintata ce ko tasu?"

Ejan dai ya ce hujjar ba ta banza ba ce, akwai kwamitin da ke sauraren irin wannan saɓani, zai shigar da ƙorafi, sai mu yi haƙuri.

A gida kuma Anti tana da 'yar sana'arta ta suyar gyaɗa, tana ƙullawa a leda, ɗalibai 'yan gida suna saye. Tun zuwanta take mitar cewa gyaɗar da ba a soya cikin yashi ba ba gyaɗa ba ce. Ta gwada a tanda, ta gwada da gishiri, duk ba su yi mata ba. Yashin gini na zube a lungunmu, amma kuliyoyi da karnukan unguwa sun riga ta, ko kallonsa ba ta son yi. Bayan 'yan kwanaki da zuwan buhunan ta ce da Yaya ya sam mata kwano ɗaya. Daɗi ya kama shi, shi da kansa ya durƙusa ya jawo buhun ya ɗebo mata.

"Kin gani ko, Auta? Ga shaida a gida. Abin da ake soya gyaɗa da shi ai yashi ne."

Gaskiya ban taɓa cin gyaɗa irin ta kwanakin nan ba. Yashin yana riƙe zafi, ba ya ƙona ɓawo, kowace ƙwaya ta nuna har ciki. Anti takan jiƙa gyaɗar da ruwan gishiri, ta shanya, ta zuba cikin kasko, tana zaune a kan kujera 'yar tsugunno tana juyawa da ludayi, hayaƙi na hawa fuskarta. In ta fara nuna sai ka ji tana ƙas, ƙas, ƙas, sannan a juye a rariya. Ɗalibai har daga Giza suke aikowa. Abin da na lura da shi kawai shi ne baƙar ƙurar da ke kwanciya a bakin taga, ka goge yau gobe ta dawo. Wata rana ɗan maganaɗisun da ke manne a ƙofar firji ya faɗa cikin kaskon, na ciro shi ya yi gashi baƙi ƙirin. Da na kai shi wajen haske na ga a cikin baƙin akwai wasu 'yan ƙwayoyi masu launin zuma suna ƙyalli. Har na nuna wa Anti, muka ce kai, yashin nan da kyau yake.

Wajen wata guda ana haka, Yaya ya ce mu kai wa ejan tsarabar gyaɗa, ya ci ya ji, ya kuma samu abin faɗa wa kwamiti. Dattijon ya buɗe ledar, ya ci ya yaba. Yaya ya gyara zama ya ce, "Ki gaya masa a cikin kayan nan da suke cewa ma'adini ne matata ta soya ta."

Na gaya masa. Hannunsa yana kan hanyar baki, ya tsaya. Ya mayar da gyaɗar cikin leda, ya goge yatsunsa da hankici ɗaya bayan ɗaya.

"Samfurin a gida yake?"

Na ce a gida yake.

"A ina a gidan?"

"Ƙarƙashin gado."

Ya ture ledar gefe. Sannan ya daina kallon Yaya, ya dube ni. "Ya ustaza, abin da zan faɗa ki fassara masa duka, kada ki rage komai." Ya ce a cikin baƙin yashin teku akwai wani kashi da ake ware shi daban, ba a sayar wa kowa, saboda yana fitar da wani irin tiriri da ido ba ya gani, hanci ba ya ji, amma yana ratsa jiki. Manyan masana'antu suna cire shi tas. Ƙananan wuraren da ke sayar da kaya da araha kuwa, wani lokaci injinsu ba ya rabawa sosai. Ya ce dalilin da ya sa doka ta ce a auna duk abin da aka tace ke nan, ba don kuɗi kaɗai ba. "Ban ce naku yana da shi ba. Na ce ban sani ba. Kin taɓa ganin wasu ƙwayoyi a ciki masu launin zuma?"

Na tuna maganaɗisun da na ciro daga kasko. Na ce na gani.

"Ba lalle shi ba ne," ya ce. "Amma ku fitar da shi daga ɗakin kwana, kuma a bar suyar nan. Akwai yara a gidan?"

Na ce babu. Ban ce masa akwai ciki ba.

A metro Yaya ya yi ta faɗa. Ya ce dabarar ejan ce, so yake ya tsorata mu ya ƙara kuɗin aikinsa, ya ce duk bakinsu ɗaya da jami'an. Ni dai ina kallon yadda yake murza carbinsa. Da muka kusa sauka ya rage murya ya ce, "Kada ki gaya wa Antinki. Kin san halin da take ciki. Tsoro kaɗai ya isa ya jawo mana abin da muke gudu."

Na ce, "Yaya, gara ta sani."

"Na ce kada ki gaya mata."

Da muka isa gida ya jawo buhunan ya kai su baranda, inda Anti ke shanya. Ya ce mata ta bar suya da yashin, wai kayan samfur ne, yana ƙarewa, kuma hayaƙi ba shi da kyau gare ta. Ta ce to. Ta juye na kaskon a wani gwangwanin madara ta rufe. Muka ɗauka an gama.

Satuttukan da suka biyo baya ban ji daɗinsu ba. In na fita shanya sai in riƙa raɓewa jikin bango kamar akwai kare a barandar. Cikin Anti ya fito sosai, ya fara motsi, takan kamo hannuna ta ɗora in ji. Duk lokacin da na ji shurin nan sai in tuna launin zuma. Yaya kuwa ya ƙara ƙaimi wajen kwamiti, kamar in suka yarda yashi ne to maganar ejan ma ta mutu.

Wata Laraba malaminmu bai zo ba, na dawo gida da azahar. Na yi sallama ba a amsa ba. Na leƙa baranda, sai ga Anti zaune a kan kujerarta, ta juya baya, gwangwanin madarar nan a cinyarta. Ta ji motsina ta waiwayo, ta kai hannu ta rufe baki, amma na riga na gani. Leɓenta baƙi, haƙoranta baƙi.

"Anti, me kike ci?"

Ta yi dariyar kunya. "Ke dai Allah ya kai ki, za ki gane. Kwaɗayi ne. A gida da farar ƙasa zan aika a sayo min, ko in ɓanɓari bango. Nan ko ina siminti." Ta ce tun ranar da Yaya ya buɗe buhun ƙamshinsa ya bugi hancinta, irin na ƙasa in an yi yayyafin farko. Ta ce maganar gyaɗa ma rabi don shi ta kawo ta. Na kaskon ya fi daɗi, wai, don ya sha gishiri. "Ɗan kaɗan nake lasa. Don Allah kada ki gaya wa yayanki, sai ya yi min dariya."

"Tun yaushe?"

"Tun da aka kawo shi mana."

"Kullum?"

Ta dubi fuskata, dariyar ta ɗauke. "Auta, lafiya?"

Na karɓe gwangwanin daga hannunta, ya yi nauyi kamar dutse, kuma ya kusa rabi. Haushi ya turnuƙe ni, haushin Yaya, haushin dillali, haushin garin da mace mai ciki ba za ta samu ƙasar lasa ba. Na durƙusa a gabanta na gaya mata duk abin da ejan ya faɗa, ban rage komai ba. Ba ta yi kuka ba. Ta ɗora hannu biyu a kan cikinta, ta riƙa tofar da yawu a gefe, tana tofarwa tana tofarwa, har bakinta ya bushe.

Bayan la'asar muka ji Yaya a matakala yana waƙa. Ya shigo da kwalin basbusa, wani kek mai zaƙi, da ledar mangwaro, yana cewa, "Ina Auta mai nono da mai? Fito ki ji." Kwamiti ya zauna, ya karɓi hujjarsa. Tunda da ruwa da maganaɗisu kawai aka raba shi, sun bar shi a rukunin yashi. Ba izini, ba gwaji, mako mai zuwa za a loda. Ya ɗaga takardar yana kaɗa ta a sama.

Na ajiye gwangwanin a kan tebur kusa da basbusar. Na ce, "Yaya, Anti tana cin wannan. Tun ranar da ka kawo shi."

Ya dube ni, ya dubi gwangwanin, ya dubi Anti da ke tsaye a bakin ƙofar ɗaki. Na zaci zai yi hargagin da ya saba, na ma shirya masa, don a ranar da ya taɓa ni da mun kwashi 'yan kallo. Bai yi hargagin ba. Ya zauna a hannun kujera, ya buɗe gwangwanin, ya sa yatsa ya juya yashin a hankali. Anti ta ce, "Alhaji, da ka gaya min." Ya ce, "Da na gaya miki." Har aka kira magariba ba wanda ya taɓa basbusar.

Washegari da safe ya buga min ƙofa, gwangwanin na cikin leda a hannunsa. Muka tafi Abbasiya. Ejan ya taso da fara'a zai yi masa barka, Yaya ya ɗora ledar a kan teburinsa.

"Ki ce masa ina so a auna."

Dattijon ya ce, "Ya Hajji, ka ci nasara. Ba wanda ya ce ka auna."

"Ki gaya masa dalili."

A wannan karon na faɗa, ciki wata shida, da uku da suka zube, da gwangwani. Dattijon ya cire tabarau ya riƙe a hannu. Ya ce wuraren da ke da na'urar auna wannan abu ba su da yawa, kuma duk wanda ya auna ya ga wani abu dole ne ya kai rahoto, ba zai rufa wa kowa asiri ba. In rahoto ya tafi, hukuncin kwamiti ya rushe, za a tsare kayan duka, kuma ba lalle su ƙara fita ba. Ya ce in fassara wannan ma duka.

Na fassara duka. Yaya ya ce, "Ki ce masa na ji. Yalla, mu je."

Wurin gwajin wani gini ne mai dogon baranda da ƙamshin sabulu. Wata mata mai farar riga ta fito da na'ura kamar ƙaramar rediyo, da wani abu a haɗe da waya kamar kan tocila. Ta kunna ta a tsakiyar ɗakin, ta ɗan yi ƙas, ta yi shiru, ta sake yin ƙas. Matar ta ce wannan ba komai, ko'ina haka take yi. Ta zuba yashinmu a faranti ta kai kan na'urar kusa. Sai ta ɓarke, ƙas-ƙas-ƙas-ƙas, ba tsayawa, sak ƙarar gyaɗar Anti in ta fara nuna a kasko. Yaya bai waiwayo ya nemi fassara ba.

Bayan kwana biyu wasu mutane suka zo gida da safar hannu da manyan ledoji. Suka kwashe buhunan, da kasko, da rariya, da ludayi, suka goge bakin taga da ƙarƙashin gado. Maƙwabta suka yi cirko-cirko a matakala. Anti ta matso kusa da mai riƙe da na'urar ta ce min, "Ki ce ya gwada ni." Mutumin ya kai ta saitin cikinta. Na'urar ta yi ƙas ɗinta na ko'ina, ta yi shiru. Anti ta ce alhamdulillahi. Mutumin ya ce min a hankali wannan na'urar ba ta faɗin abin da muke son sani, mu je wurin likita. Ya kalle ni ya ga ko zan fassara, na fassara.

Kayan da ke tashar jirgin an mayar da su wancan rukunin, an rufe su a inda suke. Dillali ya kashe wayarsa. Mai masana'anta ya yi ta kira daga gida har ya gaji. Ban taɓa jin Yaya ya tambayi inda kayan suka kwana ba, ya koma abayarsa da turarensa da ɗan abin da ya rage.

Likitar mata ce dattijuwa, ta saurare mu ba ta katse mu ba. Ta tambayi yawan abin da Anti ke lasa, da tsawon lokacin da suka kwana a kan buhunan. Ta ce irin wannan yashi galibi ba ya narkewa a ciki, wucewa yake yi. Ta ce akwai mutanen da ke zaune a bakin irin wannan gaɓa, suna haihuwa suna jikoki. Ta duba hoton cikin ta ce ba ta ga abin tashin hankali ba, kuma a ganinta haɗarin ba mai yawa ba ne.

"Ki tambaye ta," in ji Yaya, "lafiya ko ba lafiya?"

Na tambaya. Ta ce galibi lafiya.

"Ba galibi nake tambaya ba. Ki ce ta faɗa min ɗaya."

Likitar ta gane ba sai na fassara ba. Ta ce, "Ya Hajji, ba ni da ɗaya. Zan riƙa dubawa duk wata."

Haka muka ƙarasa watannin nan. Anti ta daina kamo hannuna in ji motsi, sai dai in gan ta zaune ta yi tsit tana saurare, in ya daɗe bai motsa ba ta tashi ta sha ruwan sanyi ta koma ta zauna. Kwaɗayin bai sake ta ba. Na sha ganin ta tsaya a taga tana kallon masu gini a ƙasa, tana haɗiyar yawu, tana jin haushin kanta. Yaya ya rame, rigunansa suka yi masa yawa. Ni kuma na faɗi jarrabawa ɗaya, ban ma damu ba.

Ta haihu kafin lokaci da 'yan makonni, mace, 'yar ƙarama, ta fito da kukanta. An duba ta ciki da waje ba a ga komai ba. Ranar suna ɗalibai suka cika falon da matakala, wani da bai san zance ba ya ce ina gyaɗar Anti, aka yi kamar ba a ji ba.

Yarinyar yanzu tana neman shekara huɗu. Tana gudu, tana ci, tana dariya, in ka kira ta daga wani ɗaki za ta zo. Amma har yau ba ta ce Baba ba, ba ta ce Umma ba, ba ta ce komai ba. An auna kunnenta lafiya lau. Likitoci sun ce yara da yawa suna jinkirin magana, kuma ba su da hujjar da za su ɗora wa yashi. Mahaifiyarmu ta aiko daga Kano cewa wani kawunmu sai da ya shekara biyar ya buɗe baki, kuma da ya buɗe kunnen kowa bai ƙara hutawa ba. Duk mun ce haka ne. Ni ina son yarinyar nan kamar raina, kuma ina jin tsoro, ba na ɓoyewa.

Kwanakin baya na kai musu ziyara, don yanzu na yi aure ina Giza. Ana gyaran benen da ke kusa da nasu, an juye motar yashi a bakin ƙofa, ja, irin na gini. Muna dawowa daga kanti ni da Yaya, yarinyar na tsakaninmu, sai ta zame hannunta ta ruga ta tsuguna a gindin tarin. Ta dumbuzo da hannu biyu tana kallon yadda yake zubowa ta tsakanin yatsunta. Yaya ya watsar da ledar hannunsa, tumatir ya tarwatse a titi. Ya ɗaga ta cak, ya buɗe mata yatsu ɗaya bayan ɗaya yana gogewa da bakin rigarsa, ya buɗe bakinta ya leƙa. Ita ko kuka ba ta yi ba, kallonsa kawai take yi.

Bawwab ɗin nan yana zaune a kan bencinsa, ya tsufa yanzu, ba ya ɗaukar firji. Ya ce, "Ma'alish, yi haƙuri ya Hajji, yashi ne kawai."

Yaya ya waiwayo ya kalle ni kamar yadda yake yi a ofis. "Me ya ce?"

Na san ya ji. Na ce, "Ya ce yashi ne kawai."

"Haka ni ma na ce," in ji Yaya.

Ya saɓa ta a kafaɗa ya fara hawa matakala, ni kuma na tsaya tsince tumatir.